Kafin ka ce ta fashe: yadda ake koyon kirifto da bibiyar labarinsa daga Tawa

Da wuya yanzu ka zauna fadar samari a Tawa har a sauke shayi na uku ba a ambaci kirifto, wato kuɗin intanet, ba. Wannan yana ta danna salula yana mainin, wancan yana jiran ranar da za ta fashe, wato ranar da abin da ya tara zai zama kuɗi, ga wani can gefe ya yi rantsuwa ko dala ba zai sake sawa ba tunda aka cinye masa kuɗin babur. Labari kam ya wadata. Abin da ke damuna shi ne za ka tarar da yaro ya san farashin Bitcoin na safiyar yau har da ɗigo, amma ka tambaye shi ina kuɗinsa suke kwance, wa ke riƙe da makullinsu, sai ya yi tsit.

Ilimin wannan harka kashi biyu ne, kuma cakuɗa su shi ke jefa mutanenmu cikin asara. Akwai tushe, wato yadda abin yake aiki, wanda tun 2009 bai sauya ba. Shi sau ɗaya ake koyonsa a natse, kuma bai fi ƙarfin duk wanda ya iya lissafin kasuwa ba. Akwai kuma labari mai juyawa kullum: farashi, doka, kamfanin da ya durƙushe, sabon salon damfara. Wanda bai riƙe na farko ba, na biyu ba zai tsinana masa komai ba, don ba shi da ma'aunin da zai auna labarin. Duk wanda ya fi ɗaga murya a guruf ɗin WhatsApp shi zai bi.

Kowa ya san littafin bashi na mai shago. Littafi ɗaya ne a hannun mutum ɗaya. In ya ga dama ya ƙara sifiri, in littafin ya ɓace magana ta ƙare. To, a ce an kwafe littafin nan, dubban mutane a garuruwa daban-daban kowa da nasa, ba a rubuta sabon layi sai kowa ya gani, kuma shafin da aka rufe ba a sake goge shi. Wannan shi ne bulokcen, littafin da kirifto yake tafiya a kansa. A watan Oktoba na 2008 wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takarda mai shafi 9 yana bayanin tsarin, ranar 3 ga Janairun 2009 aka buɗe shafin farko na Bitcoin. Kusan kowane minti 10 ake rufe sabon shafi. An ƙayyade cewa Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, kuma sama da miliyan 19 sun riga sun fito. Ladan da ake ba masu rufe shafi ana raba shi biyu kusan duk shekara 4: daga Bitcoin 50 ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, sai 6.25 a 2020, sai 3.125 a Afrilun 2024. Bitcoin guda kuma ana tsinka shi gida miliyan 100, shi ya sa mai jika biyu ma zai iya sayen ɗan yanki.

Babu wata gwamnati ko wani banki da ya tsaya masa. Farashinsa shi ne abin da mai saye ya yarda ya biya a wannan lokacin, shi ke nan. Ya kai kusan dalar Amurka 69,000 a Nuwamban 2021, shekara guda bayan haka ya faɗo wajen 16,000, a Disamban 2024 ya haura 100,000. Wanda ya saya a sama da kuɗin da zai buƙata bayan wata uku, wannan hawan na baya bai same shi ba, don tuni ya sayar da asara.

Aikin masu rufe shafin nan shi ne mainin na ainihi. Da injuna na musamman ake yin sa, jere cikin manyan rumfuna, suna shan wutar lantarki dare da rana. Da Sin ta hana shi a 2021 masu injunan suka watsu, da yawa suka nufi Amurka, wasu daga baya suka sauka Habasha saboda arhar wutar madatsar ruwanta. Danna salula da yaranmu ke yi ba shi da alaƙa da wannan. Kamfani ne ke tara jama'a, yana ba su maki, yana nuna musu talla, da alkawarin wata rana makin zai zama kwayin, wato kuɗin kirifto, mai daraja. Wani lokaci yakan zama. Notcoin ta Telegram ta biya mutane a Mayun 2024, wasu sun samu abin kirki, kuma daga nan ne zazzaɓin ya kama ƙasar Hausa gaba ɗaya. Hamster Kombat ta biyo baya tana cewa tana da masu wasa miliyan 300. Da aka yi rabo a Satumban 2024, mafi yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Dalilin a fili yake: tukunyar ba ta ƙaru ba, masu miƙo hannu ne suka ninka.

Pi kuwa, ita ma ta danna salula wadda aka fara tun 2019, ta shiga kasuwa ranar 20 ga Fabrairun 2025. Cikin ƴan kwanaki ta kusa dalar Amurka 3, kafin shekarar ta ƙare ta sauko ƙasa da rabin dala. Amma shekara da shekaru ana gaya wa bayin Allah wai Pi ɗaya za ta kai dalar Amurka 314,159. Lissafi ɗaya ya isa ya kashe wannan magana. Adadin Pi da aka ƙayyade miliyar 100 ne. Ka ninka shi da wancan farashi, abin da zai fito ya ninka duk abin da duniya take samarwa a shekara sau ɗaruruwa. Wannan lissafi, farashin ɗaya sau adadin duka, shi ne abu na farko da ya kamata mai koyo ya saba da shi. Kwayin da ake sayarwa ƙasa da tamma ba lalle tana da arha ba, in akwai miliyar dubu nata a kasuwa. Ban ce kowa ya bar danna salularsa ba, amma ya sa mega da caji da lokacinsa cikin lissafi, ya kuma yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki hoton katin ɗan ƙasarsa da fuskarsa ya tura wa manhajar da bai san masu ita ba.

A ganina, ga mutumin Adar, sashen da ya fi cancantar a zauna a karanta ba Bitcoin ba ne. Su ne kwayin da aka ɗaure da dalar Amurka, irin USDT ta kamfanin Tether da USDC ta Circle, waɗanda kowace ɗaya ake nufin ta tsaya a dala ɗaya. Mu mutanen bida ne. Kusan kowane gida yana da ɗa a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Legas, kuma kullum maganar ita ce yadda kuɗi za su iso gida ba tare da an zaftare su a hanya ba. Mai albasar Galmi yana karɓar kuɗi daga nesa, mai kaya a Ƙonni rabin cinikinsa da naira yake yi. Sefa tana ɗaure da Yuro, kusan 656 kowace Yuro ɗaya, don haka ba ta yawan tangal-tangal. Naira kuwa daga wajen 460 kowace dalar Amurka a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya kwana da naira a wannan tsakanin ya ji a jikinsa, kuma wannan ne ya tura ƴan kasuwar Najeriya da yawa zuwa USDT. Mu ma nan ba mu manta takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023 ba, lokacin da iyakoki suka rufe, fitar da kuɗi da shigo da su suka yi wuya har zuwa Fabrairun 2024. Duk wanda ya sha wannan yana da hujjar tambayar ko akwai wata hanya.

Sai dai ɗaurin nan alkawarin kamfani ne, cewa duk kwayin da ya fitar akwai dala ko takardun bashin gwamnatin Amurka a ajiye a madadinta. Alkawari kuma yakan karye. A Mayun 2022 UST ta Terra, wadda ita ma ake cewa dala ɗaya ce, ta narke cikin mako guda, dukiya ta miliyoyin dubbai ta tafi, saboda ita ba kuɗi na gaske ne ke bayanta ba, dabarar lissafi ce. Don haka ba sunan za a duba ba, a tambaya me ke bayanta, wa ya bincika ya tabbatar.

Yanzu ga maganar makulli, wadda ita ce zuciyar abin. Hanya biyu ake ajiye kirifto. Ko dai ka bar shi a kasuwar musaya irin Binance ko Bybit, su ke riƙe da makullin, kai lambar sirrin shiga kawai gare ka. Ko ka buɗe lalitarka, wato manhajar ajiya ta kanka, makullin yana hannunka. Kowace da haɗarinta. Mt. Gox ta Japan ta rufe a 2014 bayan ɓacewar Bitcoin kusan 850,000. FTX, wadda take cikin manyan kasuwannin duniya, ta ruguje a Nuwamban 2022, mai ita Sam Bankman-Fried aka yanke masa shekara 25 a gidan kaso. A Fabrairun 2025 ɓarayin intanet suka kwashe kusan dalar Amurka miliyar 1.5 daga Bybit. Ita ta cike giɓin, amma ba kowace kasuwa ke da wannan ƙarfi ba.

In kuma lalitarka ce, ranar buɗewa za a nuna maka kalmomi 12 ko 24 a jere. Kalmomin nan su ne dukiyar. Wanda ya gan su ya mallake ta, daga ko'ina yake a duniya, ba sai ya taɓa salularka ba. In kai ka ɓatar da su kuma salular ta mutu, babu ofishin da za ka je, babu lambar da za ka kira. A nan ne nake ganin gangancin da ya fi tayar mini da hankali. Mutum ya ɗauki hoton kalmomin ya bar shi cikin salula, gilashi ya fashe, ya kai wa mai gyara a bakin kasuwa ya tafi sallah. Ko dattijo mai dukiya wanda bai yi boko ba ya kira yaron shagonsa ya buɗe masa. Na ji wani yaro mai amana yana cewa, "Alhaji, ku rubuta su da hannunku, ko da ajami ne, ni zan juya baya." Alhajin ya ce, "Haba ɗana, ai kai na gida ne." Yaron ya fi shi gaskiya. Yau na gida ne, amma salularsa fa, da abokansa, da ranar da za a ɓata? A rubuta a takarda, a naɗe cikin leda saboda damina da gara, a ajiye inda ake ajiye takardar gida. Kuma a yi tunanin mutuwa. Banki, magada za su je da takardun shari'a su karɓi haƙƙinsu. Lalitar da mamaci bai bar wasiyyar inda kalmominta suke ba, haƙƙin marayu ya tafi har abada, alƙali ma ba abin da zai iya.

Sauran ƙa'idojin hannu gajeru ne. Turawa ba ta dawowa, in ka yi kuskuren adireshi ta tafi. USDT tana tafiya kan hanyoyi daban-daban, akwai ta Tron, akwai ta Ethereum, dole mai turawa da mai karɓa su zaɓi iri ɗaya. A fara gwadawa da ɗan kaɗan. A cinikin hannu da hannu, wanda ake kira P2P, kar ka saki kwayinka don an turo maka saƙon wai an biya, ko hoton rasiɗi. Ka buɗe asusunka na Airtel Money ko na banki da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Wanda ya ce ku fita daga manhajar ku ƙarasa a WhatsApp don ya ƙara maka farashi, kariyar da ke tsakaninku yake son cirewa.

To daga wa za a koya? Tambayar da nake so kowane mai koyo ya riƙa yi ita ce: wannan da ke koya mini, me yake ci in na shiga? Mafi yawan darussan Hausa da ke yawo a TikTok da YouTube suna ƙarewa ne da a yi rajista ta mahaɗin mai magana. Kasuwannin musaya suna biyan kamasho a kan kowane mutum da aka kawo, suna kuma ba mai kawowa wani kaso na kuɗin cinikin da ka biya, ko ka ci ko ka faɗi. Shi ya sa ake ta tura sababbin shiga zuwa cinikin da ake ninka jari da aro. In ka ninka sau 20, farashi ya juya maka baya da kashi 5 cikin 100 kacal, jarinka ya ƙare, kuma Bitcoin yakan yi wannan motsi tsakanin azahar da isha'i. Akwai masu koyarwa tsakani da Allah, ana gane su da cewa suna faɗin inda ake asara da bakinsu, ba sa nuna mota, ba sa ce maka yau ce rana ta ƙarshe.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai: yawancin waɗannan darussa daga Kano da Kaduna suke fitowa. Harshe ɗaya ne, shi ya sa muke jin kamar da mu ake, amma lissafinsu na naira ne, bankunansu daban, dokarsu daban. Abin da ya halatta ko ya yiwu a can ba lalle ya yiwu a Tawa ba. Wanda ya yi lakwal yana da wata ƙofa, don akwai darussa kyauta da Faransanci a Binance Academy, akwai jaridu irin Cryptoast da Journal du Coin, in dai ya tuna cewa su ma suna ɗauke da talla. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani da suka fahimci abin, da za su riƙa zama da iyayensu da ƙannensu suna warware musu da Hausarmu da lissafin jika, ba tare da mahaɗin rajista ba, da sun yi wa garin nan babban aiki.

Damfara kuwa rigarta kawai take sauyawa. Ka kawo kuɗi, wata na'ura mai basira za ta yi maka ciniki, riba tabbas kullum, in ka kawo mutum uku a ƙara maka. MMM ta daskare da kuɗin ƴan Najeriya a Disamban 2016. OneCoin ta tara sama da dalar Amurka miliyar 4 a duniya alhali ko bulokcen na gaske ba ta da shi, shugabarta Ruja Ignatova ta ɓace tun 2017. CBEX ta rufe a Afrilun 2025 bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Ka ɗauki alƙalami: jika 100, ribar kashi 5 cikin 100 kullum, ana mayar da ribar cikin uwa. Shekara guda za ta ba ka sama da sefa miliyar 5,000, fiye da kasafin kuɗin Nijar na shekara. Mai irin wannan na'ura ba ya buƙatar jika ɗarinka. Biyan da ake yi a watannin farko kuɗin waɗanda suka shigo bayanka ne, kuma mafi ciwon abin shi ne wanda ya kawo ka yawanci ɗan uwa ne da ya yarda da gaske.

Sai bibiyar labari. Farashi shi ne labarin da ya fi kowanne ƙara, kuma shi ya fi ƙarancin amfani ga wanda ba ciniki yake yi kullum ba. CoinGecko ko CoinMarketCap za su nuna maka shi cikin daƙiƙa. Labarin da ke iya rufe maka ƙofa da kuɗinka a ciki shi ne na doka. Dubi Najeriya. Fabrairun 2021 babban bankinta ya hana bankuna hulɗa da kirifto. Disamban 2023 ya janye. Fabrairun 2024 aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, wata na gaba kamfanin ya daina hulɗa da naira. A 2025 sabuwar dokar zuba jari ta sa kirifto ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Juyi huɗu cikin shekara huɗu, kuma kowanne ya taɓa mai canji a tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta mai da Bitcoin kuɗin ƙasa a Afrilun 2022, ta janye a 2023. A wajenmu, cikin ƙasashe 8 na UEMOA, kuɗin da doka ta sani sefa ce ta BCEAO. Ba wanda za a tilasta wa karɓar kirifto, kuma asusun da ke kare ajiyar masu banki bai rufe shi ba. Duk kamfanin da ke tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari yana buƙatar izinin hukumar AMF-UMOA da ke Abijan, wadda kan fitar da gargaɗi a kan masu yi ba izini. Shafinta da na BCEAO sun fi cancantar leƙawa sau ɗaya a wata fiye da guruf goma na Telegram.

In labari ya iso, a duba kwanan watansa, don tsohon bidiyo yakan dawo da sabuwar riga. A nemi inda ya fito, a ga ko wasu kafofi biyu da ba su da alaƙa sun ɗauka. Ko majiya ta asali ma a ba ta ƴan sa'o'i. Ranar 9 ga Janairun 2024 aka yi kutse cikin shafin X na hukumar hannayen jarin Amurka, aka sanar da amincewa da asusun Bitcoin a kasuwar hannun jari. Farashi ya yi tsalle ya dawo cikin mintuna, sanarwar gaskiya sai washegari ta fito. Yanzu kuma ana haɗa bidiyon manyan attajirai da muryarsu suna tallar abin da ba su taɓa ji ba. Ko da shugaban ƙasa ne da kansa, ba hujja ba ce: a Fabrairun 2025 shugaban Ajantina Javier Milei ya tallata kwayin LIBRA, shugaban Afirka ta Tsakiya Faustin-Archange Touadéra ya ƙaddamar da kwayin CAR, duka biyun suka rikito cikin ɗan lokaci. In gobe aka zo maka da kwayin mai sunan AES ko hoton wani jagora, ka nemi sanarwar hukuma da idonka. In kuma wani ya ce ya turo maka kuɗi, karɓi lambar turawar ka duba a Tronscan ko Etherscan, shafukan da ke nuna duk turawar da aka yi, littafin a buɗe yake ga kowa.

Maganar halal da haram ba ta ƙarami ba ce a garinmu, kuma malaman duniya sun saɓa. Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin a farkon 2018. Majalisar malaman Indonesiya a Nuwamban 2021 ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi, ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja. Majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarin Malesiya a 2020 ta halatta cinikinsa a kasuwannin da ke da rajista. Abin da suke aunawa shi ne garari, da caca, da riba. Don haka in za ka je wurin malam, kar ka tsaya a "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin kirifto?" Ka faɗa masa ainihin abin da kake yi: ko USDT ɗanka ke turo maka daga Abijan kana canzawa sefa a ranar, ko Bitcoin ka saya da kuɗinka ka ajiye, ko aro kake ninkawa kana cacar hawa da sauka, ko kuwa kuɗi ka ba wasu suna biyanka ƙayyadadden kaso kowane mako. Waɗannan mu'amaloli huɗu ne daban-daban, kowace da tata amsa, kuma in ajiyar ta kai nisabi ta shekara, ka haɗa da tambayar zakka tun kana zaune.